Gyaran Murya

Kwana arba'in da biyu da rasuwar yayata Lailatu, Mushe Kalla, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya ce wurina ya zo. Shi ke koyar da ƙungiyar mawaƙa a gidan matasa na Dakoro, kuma shekara shida Lailatu na ja musu waƙa. Na fita da almakashi a hannu, don rigar wata nake yanka. Ya ce akwai waƙar da suka fara ɗauka domin rediyon gari. Lailatu ta yi baiti biyu, saura biyu, sai zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku. Ya ce ranar zaman makoki ya ji ina amsa gaisuwa daga cikin ɗaki, sai da gabansa ya faɗi, ya ɗauka ita ce.

"Ni ban taɓa waƙa ba, Mushe," na ce. "Ko gidan buki bakina ruhe yake."

"Shi ya sa za a koya miki, Hamdiya."

Na ce to. Da cewa ya yi in zo in koyi gyaran moto, to ɗin dai zan ce. A kwanakin nan ba abin da ke min daɗi, ba abin da ke min ciwo. Tuwo da ƙasa ɗaya suke a bakina. Ranar da aka fita da ita ban yi kuka ba, har wata gwaggonmu ta ce taurin zuciya gare ni. Ni kuwa na laluba cikina, ban tarar da komai ba.

Ranar farko ya tsayar da ni a wani ɗaki mai benci uku da ɗan piyano mai batir. Ya ce, "Da gyaran murya za mu hwara." Sai na yi masa irin wanda na sani, na kankare maƙogwaro da ƙarfi, kamar maigida zai shiga gida. Mutumin nan ya dafe kai.

"Wanga ai ɓata murya ne! Kada in ƙara jin shi bakinki. In abu ya tsaya miki, ki kurɓi ruwa."

Ashe nasa gyaran daban ne. Ya sa na ɗora hannu a ciki, in shaƙi iska ta hanci har cikin ya taso, kafaɗa kuma kada ta motsa. In sako ta a hankali tsakanin haƙora kamar tayar keke ta sace. In rufe baki in yi gunji ƙasa-ƙasa har leɓuna su yi ƙaiƙayi. Sannan in saki leɓunan su yi ta karkarwa, brrr, yadda jaki ke yi in ƙuda ya dame shi. Daga ƙarshe ya zare tawadar wani bik, biron rubutu, ya ba ni bututun, ya ce in tsoma a kofin ruwa in riƙa busawa da murya. Minti goma da hantsi, minti goma da la'asar, kada in ƙara, kada in taɓa waƙar tukuna. Ya tura min baitocin Lailatu a waya, wai in saurara kawai.

Mace mai shekara ashirin da tara, a ce ta tsaya bayan ɗaki tana kwaikwayon jaki. Ban yi ko ɗaya ba. Da na dawo gida na ajiye bututun a akwatin keken ɗinki, na sa waya a kunne, na ji yadda Lailatu ke yi. Muryarta na da wani dishi-dishi, kamar an ɗan yayyafa mata rairayi, abin da mutane ke so ke nan. Na gano in na ɗaga kafaɗa, na matse wuya, na turo da ƙarfi, dishin na fitowa. Washegari da hantsi na tsaya gefen rumbu na yi baitin farko haka.

Ban kai ƙarshe ba na ji motsi. Inna ce. Tun ranar sadakar bakwai take kwance ta ba ƙofa baya, in an kai mata fura sai a dawo da ita yadda take. Na taɓa kunna mata waƙar a waya, ta ture, ta ce wannan gwangwani ne, ko numfashi ba ya yi. Yau ga ta ta fito da tabarma da faifan wake, ta zauna nesa kaɗan, ta ba ni gefe, ta shiga tsintar tsakuwa. Ba ta dube ni ba. Da na gama, ta ce da iska, ba da ni ba, "Akwai sauran hura?"

Haka muka yi mako biyu. Ina fara waƙa za ta fito, in na gama ta sha furarta. Ni ban ji komai game da waƙar ba, aiki ne kamar ɗinkin riga. Na dai ga Inna na cin abinci, sai na ƙara lokaci, daga rabin awa zuwa awa guda. Wuyana ya fara zafi. Haɗiyar miyau ta zama aiki. Da safe in na ce salamu alaikum, rabin ke fita, rabin ya maƙale.

Mushe Kalla bai bari na gama gaishe shi ba.

"Ina bututun da na ba ki?"

Na ce yana akwatin keken ɗinki.

"Waƙar kike yi. Matse wuya kike yi, don ki zama ita." Ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Bari in hwaɗa miki abin da ba kowa ya sani ba. Dishin nan da kuke so, ciwo ne. Da ta zo wurina muryatta garau take. Ta ƙi motsa murya, ta ƙi hutawa, ta ce mutane haka suke so. Bara lokotoro a asibitin Maraɗi ya ce ta yi shiru wata ukku, ta yi mishi dariya. Ke kuma kin zo kina koyon ciwon da gangan. In kinka ci gaba, kahin a yanke gero ba ki da muryar kiran akuya."

Na ce masa Inna ba ta cin abinci sai ta ji. Ya daɗe yana juya hular.

"In muryar ta mutu, mi za ta ji?" ya ce. "Kwana ukku kada ki ce uffan. Bayan nan ki yi abin da na ce, yadda na ce."

Kwana ukun nan Inna ta fito kullum da faifanta. Ta zauna, ta tsinci tsakuwa, ta jira har inuwar rumbu ta gushe daga kanta, ta naɗe tabarma. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ba bakin da zan gaya mata. Furar ta koma dawowa da saura.

Rana ta huɗu na ɗauko bututun. Na ɗora hannu a ciki, na shaƙa, kafaɗa ta tashi, na sake. Sai a karo na bakwai cikin ya taso shi kaɗai. Na yi tayar keke, na yi gunji, na yi jaki, har Hafiza maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga ta ce ko sabon jaki muka saya. Na busa ruwa a kofi yana ɓulɓul, minti goma na cika na daina, ko da ina jin zan iya ƙarawa. Inna na zaune tana kallon kofin. Ta ci gaba da fitowa, ina ganin don ta ɗauka wannan duk hanya ce ta komawa muryar Lailatu.

Zafin ya tafi cikin mako guda. A mako na uku Mushe Kalla ya danna piyanonsa, ya ce in bi shi hawa-hawa da baki rufe, sannan in buɗe. Da na buɗe sai wata murya ta fito, siririya, garau, ba wahala, kamar ba daga wuyana ba. Ban san ta ba. Ya buga cinya, ya ce ita yake nema, ya ce Asabar za a ɗauka, waƙar ta zama ta mutum biyu, ba laifi. Na tsaya ina jiran in ji daɗi. Bai zo ba.

Washegari da hantsi na tsaya gefen rumbu. Na yi minti gomana, na kurɓi ruwa, na ja iska har ciki, na fara baitin farko. Hannun Inna ya tsaya a kan faifai. Ta juyo, ta dube ni sosai.

"Wace ce wagga?"

"Ni ce, Inna."

"A'a. Yi mini ɗayar."

Na san abin da aka hana ni, na kuma san dalili. Duk da haka na ɗaga kafaɗa, na matse wuya, na turo da ƙarfi. Abin da ya fito muryata ce dai, an shaƙe ta. Na sake, na ƙara matsewa har jijiyar wuya ta tashi. Babu dishin. Maƙogwaron ya warke, ya warke sarai, yadda Mushe ya yi alkawari. Na yi na uku, tari ya sarƙe ni.

"Bari haka nan," in ji Inna. "Kada ki ji ma kanki ciwo."

Ta tattara tsakuwar da ta tsinta a tafin hannu, ta watsar. Lailatu ce ƴar farinta, shekara talatin da uku ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta, sai dai ta ce waccan, ko yarinyar nan. Ta dafa ƙasa za ta tashi, sai ta fasa, ta zauna tana kallon waken.

"Lailatu ta tahi," ta ce.

Na zauna a ƙarshen tabarmar, kusa da ita, ba ta matsa ba.