Mai Walda da Ɗan Kofin Nono

Yarinyar bakwaini ce, don haka tana faɗowa aka sa ta a kwalba a ɗakin jarirai da ke ƙasa. Uwarta kuwa tana sama, a ɗakin waɗanda aka yi wa aiki, ko juyawa ba ta iyawa sai an kama ta. Mai zirga-zirga tsakaninsu shi ne uban, wani ƙaton mai walda, hannunsa duk tabon wuta.

Washegari ya shigo da babban gwangwanin madarar jarirai a hammata. Nas ɗin ɗakin ta dube shi ta yi murmushi.

"Baban jaririya, ajiye wannan tukuna. Hanjinta bai yi ƙwari ba, nonon uwarta ya fi mata sauƙin narkewa. Ungo kofin nan, a tatso mana."

Uwar ta yi ta fama, ɗinki na ja mata, har ta samu 'yan ɗigo masu kauri, rawaya-rawaya. Ta leƙa kofin, sai hawaye.

"Maigida, wannan ne zai raya mutum? Ko ɗan mage ba zai ƙoshi ba."

Ya rufe kofin, ya sauka, ya miƙa wa nas yana jin kunya.

"Sista, ki yi haƙuri, iyakarsa ke nan."

"Haƙurin me? Ai wannan shi ne dakashi, nonon farko, rigakafin da zai tare mata cututtuka. Cikin nata ma duka nawa yake? Koma ka ce mata ta yi ƙoƙari."

Ya hau da gudu ya faɗa mata, har da ƙari.

Daga ranar ya bar wa ƙaninsa shago. Mutumin da ke sungumar ƙofar ƙarfe shi kaɗai, sai ga shi yana sauka matakala a hankali, kofi a tafin hannu biyu, ko tari ba ya yarda ya yi. Mata masu jinya suka sa masa suna Maijego. Idan sun tsokane shi sai ya ce, "Ku dai ba ni hanya, abincin hajiya zai huce."

Nono ya kawo sosai, har kofin ya yi kaɗan. Yarinyar ta fara cika, kuka ya yi ƙarfi, aka cire ta daga kwalba ba tare da ko gudawa ta taɓa ta ba.

Ranar da uwar ta iya saukowa, jingine da kafaɗarsa, nas ta ɗora mata 'yar a ƙirji. Jaririyar ta lalubi nono da baki, ta kuskure, ta sake, sannan ta cafke. Ana jin haɗiyarta, ƙut, ƙut. Uwar ta sunkuya tana shafa ɗan kanta.

Mai walda ya goge ido da bayan hannu.

"To ni an sallame ni daga aiki ke nan?"

Matar ta yi dariya tana dafe ɗinki. "Wa ya faɗa maka? Wanki na can sama yana jiranka."