Wayar Kan Tudu

Wata Juma'a da yamma, cikin Mayun 1917, Mabel ta fita bin layin sayen dankali. Mijinta Horace Tebbutt yana shagonsa na gyaran agogo ya ji ƙugi daga sama. Mutane suka fito suna ɗaga hannu, a zatonsu jiragen gida ne. Ashe na abokan gaba ne, ɗauke da bama-bamai. Babu wanda ya busa ƙahon gargaɗi, don ba a ɗora wa kowa wannan aikin ba. Ko da Horace ya isa bakin titin, babu shagon dankalin, babu layin. Da takalmi aka gane gawar Mabel.

Bai yi kuka ba. Ya koma ya ƙarasa agogon da ya kwance, ya kulle shago.

Bayan wata biyu wani saje ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Baba Tebbutt, an ce kunnenka har numfashin agogo yake ji. Gwamnati ta farka, za a jera masu gadin sama daga gaɓar teku har Landan. Za ka yi?"

"To," in ji Horace.

Aka ba shi rumfa a kan tudu, da waya, da abokin zama, Cyril Ogden, tsohon masunci mai surutun tsiya.

"Kai Tebbutt, gara a haɗa ni da kifi. Shi ko baki yana buɗewa!"

Horace ya kurɓi shayinsa da ya huce. Kullum aikin ke nan: ya saurara, in ya ji injin jirage ya faɗi ta waya yawansu da inda suka nufa. Can wani ofis a tura wa masu igwa.

Wata Laraba da hantsi ya ji su tun Ogden bai ga komai ba. Ya murɗa waya.

"Tudu na shida. Goma ne, daga gabas."

Aka harba roka biyu na gargaɗi a gari. Daga nan sama ya hango mata suna jan yara zuwa ƙarƙashin gidaje, tituna suka yi fayau. Igwa ta fara amsawa. Jirgi ɗaya ya yi hayaƙi ya faɗa teku, sauran suka juya.

Ogden ya cilla hula sama, ya rungume shi.

"Mun yi, tsoho! Wallahi ko kaza ba su samu ba!"

Horace ya tsaya har ya sake shi. Ya jira ya ji wani abu a ransa, bai ji ba. Ya rubuta ƙarfe goma da kwata a littafi, ya tambayi Ogden ko da sauran madara.