Uzair Ya Tura Agogo

Gwaggo Rabi'a ta rantse ba ta komawa Konni sai da bidiyon sunan ɗiyar Yaya Shahida. Kakarmu tana can, ciwon ƙahwa ya hana ta zuwa, kuma ta aiko cewa in ba ta ga jinjirar da anka sa ma sunanta ba, kar wanda ya shigo mata gida. Motar Gwaggo kau bayan la'asar za ta tashi daga tasha. Ni, Sahabi, da bakina nic ce, "Gwaggo, bar mini wanga aiki."

Kwamfuta ɗaya ce cikin gidan, ta ɗanta Uzair, taubashina. Komi nata Faransanci ne, har harufan sun sauya mazauni. Haka dai nil lallaɓa nih haɗa bidiyon, da raɗin suna da yankan rago da rawar Gwaggo, nid danna ta hidda shi. Sai layin da ka nuna ci gaban aikin ya tsaya yana jan ciki awa hawainiya.

"Kai Baƙonne, a kilo kas sayo wagga?"

"Ka iya bakinka," in ji Uzair, yana nuna takardar da anka manna gefen madannai. "Karanta nan. Huɗu da ɗigo biyu."

"Karanta na gabanshi, biyu da ɗigo huɗu. Wannan shi ne gudun agogon furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, na yau da kullum, tahiyar ɗan kabu-kabu cikin kasuwa ranar Lahadi. Huɗun da kaka taƙama da shi bus aka ce mai. In hanya ta buɗe, inji bai yi zahi ba, ita da kanta taka murɗa totur. Ta ji zahi, ta sassauta."

"To mu murɗa mata."

"Wannan kuma obakulok ke nan. Ka kai mashin wurin bakanike shi kwance abin da kamfani ya ɗaure, ka ƙara ma agogo gudu da hannunka. A babbar kwamfuta mai manyan fankoki ana yi. Irin taka ta ɗorawa a cinya sun kulle wurin, kuma ko da a buɗe yake, zahin Illela gasa ta za shi yi awa tsire."

Uzair yak kaɗa kai. Can yac ce, "Agogo dai ko?"

"Agogo."

Da nit taɓa gindinta sai da nij janye hannu. Ashe bisa katihwa munka aza ta, duk ramukan iska sun toshe. Nid ɗora ta kan bulo biyu, nij juyo mata fanka, nis sa caji, don a batir rowa taka yi. Daga nan Yaya Shahida ta aiko muna da shinkahwa da naman suna. Na ci, na jingina da bango, shi ke nan.

Ina buɗe ido nid dubi agogon kusurwar allo: shida saura. Wayata tana wurin masu caji tun da sahe, balle in duba lokaci. Layin bai ƙare ba. Nit tuna Kaka da sandarta, nih hito da gudu ba takalmi ina kiran Gwaggo.

Rana tsaka tad dake ni a ka. Ga Gwaggo zaune ƙarƙashin iccen dogon yaro tana ƙulla ma mutanen Konni cincin a leda.

"Lahiya, ɗan nan? Wa ya biyo ka?"

"Gwaggo, motar..."

"Wace mota? Ko azahar ba a kira ba."

Uzair ya leƙo daga ɗaki yana sakace. "Ai ni nit tura shi gaba. Kai kac ce a ƙara ma agogo gudu. Wurin ma ba a kulle yake ba, ƙarya kaka yi mini."

Matan tsakar gida sunka kwashe da dariya, har da waɗanda ba su san mi aka yi ba. Nic ce, "Allah shi shirye ka, Uzair. Wancan agogon bugu shika ƙirgawa cikin furosesa, bai san azahar ba balle la'asar."

"Zo ka gani dai."

Munka shiga. Fankar cikinta na huci, gudun ya haye kusan huɗu, layin na tahiya awa an biyo shi. Kahin liman shi tada salla bidiyo ya hito, na zuba shi a memorin Gwaggo. Ta kalli wurin rawarta har sau nawa, tana cewa a ina nis samo wagga tsohuwa mai rawar kai.

"Kin gani, Inna," in ji Uzair, "sai da nit taɓa agogo tat tashi."

"Bulo ne da fanka, Gwaggo. Ta sha iska, ta shiga bus."

Gwaggo ta ƙulle memorin a bakin zane, tac ce ita ba ta san bus ba sai wadda za ta kai ta Konni. Ta miƙa ma Uzair ƙullin cincin babba, ni kau ƙarami, wai ni barci niy yi.

Da sunka isa Kaka ta bugo waya. Ta ga takwararta, ta ce hancin nata ne. Sannan tac ce in gaishe da Uzair mai gyaran agogo, kuma in na zo in taho da bulona, rediyonta na zahi.