Waƙoƙin Jana'izar Celina

Mata uku suka jeru a kan benci a ɗakin Celina, kowacce ta rungume jakarta a cinya kamar mai jiran mota. Juliana, uwar zumuntar mata ta cocinsu a Narayi, ita ta yi bayani. Sun kafa wani ɗan asusu, in ji ta, saboda marasa galihu waɗanda likita ya sallamo gida ya ce sai addu'a. Mutum ya faɗi abu ɗaya da ransa ke so, su kuma su yi iyakar ƙoƙarinsu. Wani tsoho a Mahuta ya ce a kai shi ƙauye ya ga gonarsa, an kai shi. Wata kuwa rediyo ta nema.

"Ke fa, Maman Lydia? Kada ki ji kunya."

Celina ta ƙare musu kallo. Ciwon daji ya cinye ta har zanenta yana zagaye ta sau biyu, amma bakinta yana nan yadda aka san shi. Shekara shida rabon ƙafar ɗayansu da ɗakin nan. Tun lokacin da masaƙa ta rage ma'aikata a Kakuri, mijinta Shekari ya kwanta da tarin da ƙurar auduga ta bar masa, bai tashi ba. Da ta rasa abin da za ta sa wa 'ya'ya huɗu a baki, ta ɗora tukunyar burukutu. Coci ta sa ta a horo: bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, ba ɗaura zanen zumunta. Abin da yaran suka ci kuwa, ba wanda ya tambaya.

"Ku yi mini waƙoƙin jana'izata," ta ce. "Yanzu, tun ina da kunne."

Christy, ƙaramar cikinsu, ta dafe ƙirji. "Haba Mama, wane irin fata ne wannan?"

"Ba fata ba ne, 'yata. Na san wadda ta mutu cikin horo ba a yi mata waƙa. Shekara goma sha biyar ina buga tulun waƙa a kan gawar wasu. Ni ma ina so in ji daɗin abin."

Juliana ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta sosai. Washegari ta sami fasto. Ya sosa ƙeya, ya juya maganar gaba da baya, daga ƙarshe ya ce doka ta hana waƙa a kan gawa, amma shi bai ga inda aka hana gaida mara lafiya ba.

* * *

Ranar Alhamis da la'asar mata kusan talatin suka cika tsakar gidan, duk cikin zane iri ɗaya. Lydia, babbar 'yar Celina, ta shimfiɗa wa uwarta tabarma a gindin mangwaro, ta jingina ta da ƙirjinta. Juliana ta ciro sabon zanen zumunta daga jaka, ta durƙusa ta ɗaura mata da hannunta.

Aka ɗauki waƙar tafiya gida, wadda ake rakiyar akwati da ita. Baiti biyu kawai aka yi Celina ta ɗaga hannu.

"Wa ke buga tulun nan kamar mai daka sakwara? Miƙo shi."

Aka ɗora mata tulun a cinya. Tafinta ba ƙarfi, amma bai manta hanya ba. Sautin ya fito a hankali, mai zurfi, muryoyi suka bi shi. Wasu na waƙa suna share ido da bakin zane, ita kuwa murmushi take yi har kunne. Rabonta da farin ciki irin wannan tun Shekari yana raye.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, a unguwar nan waƙar ba ta da ma'ana biyu. Duk wanda ya ji ta ya san an yi rashi.

Maman Judith, maƙwabciyar da ko gaisuwar Celina ba ta amsawa, ita ta fara faɗowa gidan, hannu a ka, tana kiran sunan marigayiya. Ta yi arba da marigayiyar zaune tana kiɗa. Ta sauke hannu daga ka.

"Shigo, Maman Judith," in ji Celina. "Kin yi sammako, amma ba laifi."

Dariya ta ɓarke har waƙar ta watse. Sai dai labarin mutuwa ya riga na gyara gudu. Ishaku, ƙanen Shekari da ya ɗauke keken wan nasa kwana bakwai da binne shi bai sake leƙowa ba, ya iso da benci biyu a kai. Kwanuka suka yi ta shigowa kamar yadda aka saba yi wa gidan makoki: tuwon acca da miyar karkashi, fate, shinkafa, kunu a bokiti. Duk wanda ya shigo sai ya yi turus, ya ajiye abin da ya kawo, ya rasa bakin gaisuwa.

* * *

Da rana ta yi sanyi mutane suka fara zarewa. Yaran Celina sun kewaye kwanukan suna ci har da santi, ita kuma tana kallonsu, ranta fari ƙal. Lydia ta ɗebo fate a cokali ta kai mata baki. Ta riƙe shi a kan harshe, ta lumshe ido don daɗi, amma maƙogwaro ya ƙi karɓa. Ta juya kai ta zubar a gefen tabarma.

Maman Judith ta matso kusa da Lydia, ta yi ƙasa da murya, a zatonta mara lafiyar ta yi barci.

"In an cinye ki wanke mini kwanon ki maido. Kin san ba da jimawa ba za a sake buƙatarsa."