Sunan da ke Kan Kundin

Takardar tana manne a allon sanarwa na sashen fiziks, iska na ɗaga gefenta ɗaya. Hajara ta danne ta da yatsa, ta karanta a karo na uku. Taken binciken nata ne, kalma da kalma, har da waƙafin da ta daɗe tana shawarar cirewa. Sunan da ke ƙasa ne ba nata ba. Alhaji Habibu Ɗanlami zai kare kundin digirinsa na uku ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe.

Ta san mutumin. Shi ne darakta a hukumar da mijinta yake aiki. Sau biyu kacal ta taɓa ganinsa a jami'ar, duka biyun yana fitowa daga ofishin Farfesa Yusha'u, malamin da ke duba aikinta.

Shekara huɗu ta ba wannan aiki. Da safe ta koyar a makarantar 'yan mata da ke Kawo, da rana ta zauna gaban kwamfuta har idanunta su yi ja. A wata cibiyar bincike ta Afirka ta Kudu aka yi gwajin: an harba ƙananan ƙwayoyi da ake kira alfa a kan siririn farantin ƙarfen magnesiyam. Ƙwayar da ta bugi cibiyar zarra takan fito da ƙarfinta a rage, domin ta bar wani kaso a ciki, cibiyar ta ɗauki motsi. Daga abin da ya ragu, da kusurwar da ƙwayar ta karkata, ake gane fasalin cibiyar da yadda take motsawa. Farfesa ne ya samo alƙaluman gwajin, miliyoyi a cakuɗe, ita kuma ta tace su. A shekara ta uku ta hangi wani ɗan tudu a zanen sakamako, maƙale tsakanin manya biyu, wanda ba wanda ya taɓa lura da shi. Wata takwas ta yi tana neman hanyar ƙaryata shi, ya ƙi ɓacewa.

Ta yi sallama a ƙofar ofishin Farfesa, ta shiga kafin a amsa.

"Ranka ya daɗe, na ga takarda a allo."

Farfesa ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga. "Zauna, Hajara."

"Na gode, zan tsaya."

"Dama ina son kiranki. Ke yarinya ce, lokaci na gabanki. Shi kuwa shekara biyu ta rage masa a aiki, kuma ba za a ba shi shugabancin hukumar ba sai da wannan takarda. Zan ba ki wani take. Da irin kwanyarki, shekara biyu kin gama."

"Aikina ne, Farfesa."

"Alƙaluman ta hannun wa suka zo?" Bai ɗaga murya ba. Ya nuna fankar da ke juyawa a samansu. "Wutar solar da kika yi aikin da ita, kin taɓa tambayar wanda ya saka wa sashen nan? Gwamnati ba ta ba mu ko wayar wuta ba. Ki je ki yi tunani. Ki gaishe da Malam Rabe."

A kan sunan mijin nata ya ɗan dakata.

* * *

Da yamma, a gidansu na Unguwar Dosa, ta tarar da Rabe a tsakar gida yana wanke babur. 'Yarsu Yasmin tana Islamiyya. Ta faɗa masa komai a tsaye, jakarta a kafaɗa. Bai daina goge madubin ba, kuma bai yi mamaki ba. Ta sauke jakar a ƙasa.

"Abban Yasmin, ka sani?"

Ya matse tsumman a cikin bokiti. "Mako uku da suka wuce Alhaji Habibu ya aike ni wajen masu ɗaure littattafai. Kwafi shida. Ina jira a kan benci na buɗe ɗaya. Na gane zanen nan da kike nuna mini kullum."

"Mako uku muna cin abinci a faranti ɗaya."

"Me zan ce miki? Kullum na buɗe baki sai in rasa ta inda zan fara." Ya ɗago ya dube ta. "Hajara, ni ma'aikaci ne mai mataki na takwas. Sa hannu ɗaya zai yi, in tsinci kaina a inda ko waya ba ta shiga. Inna fa? Wa zai ɗaga ta?"

Mahaifiyarsa tana Hayin Banki, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita tun bara. Kowace safiya, kafin ya wuce ofis, Rabe ke zuwa ya ɗaga ta, ya zaunar da ita, ya ba ta magani. Ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai shi.

"Ban ce ki yafe ba," in ji shi. "Na ce kada ki je ranar Alhamis. Ki bar su da Allah."

Hajara ta shiga ɗaki ta buɗe kwamfutarta. Komai yana nan, da kwanan watan kowane gyara. Ta yi tunanin kwamitin ɗa'a na jami'a, sai ta tuna Farfesa ne mataimakin shugabansa. Ta rufe kwamfutar. Daga waje tana jin ruwa na ɗiga daga jikin babur.

* * *

Ranar Alhamis ta je.

Zauren ya cika da ma'aikatan hukumar, sun sha shadda, wasu da kwalayen lemo a gindin kujera. Rabe yana layi na uku. Da ya gan ta ta zauna a baya, sai ya mayar da kansa gaba, bai sake waiwayowa ba.

Alhaji Habibu ya karanta jawabinsa daga takarda, layi bayan layi, yana tuntuɓe a kan kalmomin da ita ta zaɓa. Zanenta ya bayyana a bango, ya fi mutum tsawo. Ya nuna ɗan tudun da sanda, ya ce shi ne babban abin da ya gano bayan shekaru na wahala. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, wani dattijo mai furfura, ya yi tambaya biyu masu sauƙi, ya samu amsoshin da aka haddace.

"Ko akwai mai tambaya a cikin jama'a?" in ji shugaban zaman, yana tattara takardunsa.

Hajara ta ɗago kai. Ta ga ƙeyar mijinta, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ta tuna Inna a kan tabarma tana jiran ƙarar babur. Ta tuna kuma ranar da tudun ya fara fitowa, yadda ta yi sujada a kan siminti. Hannunta ya tashi.

"Ranka ya daɗe, farantin magnesiyam yakan kama iskar oksijin a jikinsa. Ta yaya ka tabbatar wannan tudun na magnesiyam ne, ba na oksijin ba?"

Alhaji ya juya shafi, ya sake juya wani. Ya sha ruwa.

"To, ai na'urar ce ta nuna haka. Na'ura ce ta zamani."

"Na'urar ba ta bambance su. A wace kusurwa ka gwada?"

Amsar tana shafi na tamanin da bakwai. Idan aka sauya kusurwa, tudun oksijin yakan gusa da sauri fiye da na magnesiyam, domin cibiyarsa ta fi sauƙin nauyi. Kusurwa goma sha ɗaya Hajara ta bi ɗaya bayan ɗaya kafin ta yarda. Alhaji ya dubi Farfesa.

Dattijon ya ajiye alƙalaminsa. "Wace ce wannan?"

Farfesa ya yi murmushi. "Ɗalibata ce. Ita ta taimaka wajen buga aikin a kwamfuta, shi ya sa ta riƙe wasu abubuwa. Ɗan takara ya yi bayanin wannan a babi na huɗu, ba sai mun ɓata lokaci ba."

Dattijon ya daɗe yana kallon Hajara. Ta tsaya, ta bar shi ya kalle ta. Ta ga ya gane. Sannan ya duba agogonsa, ya ja takardar sakamako gabansa, ya sa hannu.

Aka yi tafi. Aka fara raba lemo.

* * *

Takardar sauyin wurin aikin Rabe ta fito bayan kwana tara: Jalingo, ya kama aiki nan take. Bai yi wa Hajara faɗa ba. Ya haɗa kayansa, ya nuna mata yadda ake sa hannu a ƙarƙashin kafaɗar Inna kafin a ɗaga. A tashar Kawo, motar na shirin tashi, ya leƙo ta taga.

"Tambayar ta yi kyau," ya ce. Motar ta tashi.

Safiya ta farko da Hajara ta je, Inna ta juya fuskarta bango, ta ƙi karɓar magani. Ta biyu ma haka. A ta uku ta karɓa.

Hajara ta rubuta koke zuwa hukumar jami'a, da kwafin duk abin da ke kwamfutarta. Aka buga masa hatimi, aka ce za a neme ta. Bayan wata biyu saƙo ya zo daga sashen: in tana son ci gaba da karatu, ta zo ta yi rajistar sabon take kafin Juma'a, in ba haka ba a cire sunanta.

Ranar Juma'ar ta tsaya a tagar sakatariyar sashen, wata mata da ta kusa ritaya. Matar ta miƙo mata fom. Hajara ta cike sunanta da lambarta, ta zo kan layin taken bincike. Ta ɗora biro, sai matar ta riƙe mata hannu a hankali, ta zaro fensir daga cikin gwangwani.

"Wannan layin da fensir ake cike shi, 'yata," ta ce, ba ta dube ta ba. "Ko da za a buƙaci gogewa."

Hajara ta karɓi fensirin. Bakinsa a dakushe yake, an sha rubutu da shi.