Shanu Dubu Shida da Arba'in da Biyar

Shekarar da ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, wajen tamanin da huɗu, aka kawo wa wani ƙaramin ofishin rigakafin dabbobi a Illela kwamfuta. Allurar da ake kuka a kanta ba ta zo da yawa ba, amma kwamfuta ta zo har da rigarta ta leda.

Sakinatu mai buga tafireta aka tura kwas na sati biyu a Sakkwato. Da ta dawo ta rubuta wa na'urar 'yan umarni: karɓi adadin shanun da aka yi wa allura a Araba, karɓi na Lafani, ki haɗa. Shugaban ofis, Malam Na'Allah, yana tsaye a kanta, hannu a baya. Sai ya lura ta sa alamar dala a wurin sunayen garuruwa, wurin lambobi kuwa ta bar shi haka nan.

"Mi as sa lambobin ba su da dala?"

"Ranka shi daɗe, haka anka koya muna."

"Ke, nan Illela ta. Tahi bakin iyaka ki tambayi 'yan canji abin da ad da daraja. Sa ma kowane."

Ta sa. Wa zai yi musu da mai sa hannu a takardar hutu?

Ranar Alhamis aka yi wa shanu sittin allura a Araba, arba'in da biyar a Lafani. Na'ura ta yi 'yar ƙara, ta fito da 6045. Na'Allah ya gyara hula, ya ce dama ya san mutanensa na aiki, lissafin hannu ne ke tauye musu haƙƙi. Aka aika Sakkwato.

Bayan kwana goma amsa ta zo, takarda biyu. Ta farko yabo ce. Ta biyu ta ce tunda Illela ta gama da shanunta, an juya motar allura zuwa wani wuri.

Sakinatu ta sake karanta ta biyun. Mahaifinta, Malam Yari, yana Lafani da shanu goma sha biyu, duk abin da ya tara a duniya ke nan, kuma allura ta ƙare kafin layi ya zo kansa.

Ta zauna gaban na'ura ko abincin rana ba ta ci ba. Ta ba ta 2 da 3, na'ura ta ce 23. Ta goge dala, ta sake ba ta, ta ce 5. Ashe duk abin da aka sa wa alamar nan, na'ura rubutu take ɗaukarsa ba lamba ba, sai ta jera su gefe da gefe kamar buhunan albasa maimakon ta tara.

Ta tarar da Na'Allah yana buga ƙusa, zai rataye takardar yabo. Ta yi masa bayani dalla-dalla.

"To, yanzu in rubuta ma Sakkwato in ce mi? Na'Allah maƙaryaci na?"

"Ranka shi daɗe, shanun babana…"

"Allah shi tsare su. Maida dala."

Ta mayar, ranta a ɓace. Sai dai a ƙasan fom akwai layin da ba wanda ya taɓa cikawa: shanun da suka rage. Tamanin a Araba, saba'in a Lafani. Ta ba na'ura, na'ura ta ce 8070. Na'Allah ya duba, ya ƙara bayani da alƙalaminsa cewa garkuna ne suka ƙetaro iyaka daga Konni. Aka aika Sakkwato.

Mota ta zo bayan sati uku, maƙare da allura. A garken Malam Yari shanu huɗu ta tarar da rai.

Ranar kasuwa tsohon ya shigo ofis da ƙwaryar man shanu. Ya wuce 'yarsa a bakin na'ura, ya durƙusa gaban Na'Allah.

"Ba don kai ba, ranka shi daɗe, da ko ɗaya ba ta saura."

Na'Allah ya ce ba komai, aikinsu ne. Sannan ya kira Sakinatu ta sa masa ƙwaryar a motarsa.