Ɓeraye a Tasin Baba Kagaya

Setsuko na buɗe ƙofar motar wari ya doki hancinta, ta ja da baya har ta yi karo da shebur ɗin da ke jingine a bangon gareji. Fitsarin ɓera ne, ba sai an gaya mata ba. Ta toshe hanci da bakin gyalenta ta leƙa ciki. Farin leshin da ke rufe kujerun an yi masa kaca-kaca, ga kashin ɓera ko'ina kamar an watsa baƙin riɗi. Can gaba kusa da gilashi kuwa, ɗan farantin katakon da ta ajiye da hannunta yana nan, babu komai a kansa sai busasshen ɓawon lemo.

"Wayyo ni," ta ce, ta nemi tsohuwar taya ta zauna.

Laifinta ne, kuma ta sani. Shekara arba'in da ɗaya maƙwabcinta Baba Kagaya ya yi yana jan tasi a ƙauyen, kuma kowace sabuwar shekara sai ya ajiye wa motar moci, curin dakakkiyar shinkafa biyu, ƙarami a kan babba, da lemo a bisa, don gode mata. Ranar sha ɗaya ga wata a ɗauke a fasa a ci. Bana sabuwar shekara ta same shi a gadon asibitin gari, huhu ya ƙi, shi ne ya roƙe ta ta ajiye masa. Ta kuwa ajiye. Ɗaukewar ce ta sha'afa. To ina ta ga hankalin tunawa? Mace mai shekara sittin da shida, miji ya rasu, gwiwa ba ta lanƙwasuwa, kullum safiya sai ta kwashe dusar ƙanƙarar ƙofar gida biyu, nata da nasa. Ga shi har Maris ya shigo.

Jiya da ta je dubiya likita ya ce za su bar tsohon ya kwana ɗaya a gidansa ranar Asabar ta sama. Kowa ya san abin da irin wannan izinin ke nufi, har shi mai jikin.

"Da motata za ki zo," tsohon ya ce mata, robar iska a hancinsa. "Kada ki kawo mini wannan gwangwanin naki."

"Baba, ai motar asibiti ta fi. Akwai gado a ciki."

"Ke, ki ji ni. Shekara arba'in ina kai mutane gidajensu, ban taɓa zama a bayan motar nan ba. Ina so in ji abin da suke ji." Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. "Kin ɗauke mocin dai ko?"

"Na ɗauke," ta ce, ba tare da ta san ƙarya take yi ba. Sai a hanyar gida abin ya faɗo mata.

Da rana ta kira Toyoshima bakanike, wanda suka yi firamare tare. Ya zo yana jan ƙafa, ya ɗaga murfin inji, ya haska tocila, ya yi tsaki.

"Tabɗi! Ai gari suka kafa a nan. Me kika ba su haka, Setsuko? Liyafa?"

"Kai dai gaya mini, za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

"Sun ci waya uku. Wannan aikina ne, zan haɗa. Amma in ba ki kore su ba, in haɗa da rana su cinye kafin safiya." Ya miƙe yana dafe ƙugu. "Tarko za ki sa. Kuma ki ji da kyau, kada ki kuskura ki sa guba. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa a fili, lungu yake nema. In ya shige bututun hita mai ɗumama mota ya mutu a can, kin gama da motar nan sai bazara."

"Na ji."

"Kin ji, ko kin ji irin naki?"

Ta sayo tarko takwas na ƙarfe da faifan gam guda goma, ta ɗana su da busasshen kifi da gasasshen dankali, ƙarƙashin kujeru, cikin but, gefen kowace taya. Washegari ta sami huɗu. Na tarkon ƙarfe da sauƙi, sun riga sun mutu. Na gam ɗin ne tashin hankali, suna nan da ransu, suna kallonta, cikinsu na bugawa. Haka za ta naɗe faifan ta tsoma a bokitin ruwa ta kau da kai. Ita da ko kifi ba ta son yankawa! Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Kwana na biyu uku. Na uku biyu. Daga nan ɓerayen suka waye, sai a cinye kifin tsaf a bar mata tarko a ɗane. Ta durƙusa ta share kashi da yamma, da safe ta tarar da sabo. Ta goge kujeru da ruwan zafi da sabulu har fatar hannunta ta tsattsage. Toyoshima ya haɗa wayoyin ranar Juma'a, motar ta tashi, ranar Asabar ya dawo ya tarar an sake gwaguye ɗaya.

"Ni fa ba yaro ba ne, Setsuko," ya ce, yana kwance a kan kwali ƙarƙashin motar. "Bayana ba zai ɗauki wannan kullum ba."

"To ni ce yarinyar?"

Ta gaji. Gajiya irin wadda mutum zai zauna cire takalmi ya manta abin da ya zaunar da shi. Ga dubiya duk bayan kwana biyu, tafiyar minti arba'in, kuma duk zuwa tambayar ɗaya ce: yaya motar? Ita kuma amsar ɗaya ce: lafiya lau take, Baba. Tana faɗa tana kallon yadda wuyansa ya ƙara tsukewa a cikin rigar asibiti. Mutumin nan shi ya yi ta jigilar mijinta zuwa wankin ƙoda shekara uku, ko ƙanƙara ta kai gwiwa sai ya fito. Abu ɗaya tak ya taɓa nema a wurinta, shi ma ga yadda ta yi da shi.

Ranar Lahadi da yamma, saura kwana shida, ta tsaya a shagon kayan gona ta sayi maganin ɓera. Jajayen ƙwayoyi ne a ɗan kwali. Ta zuba a murafun kwalba ta tura ƙarƙashin kujeru, ta rufe gareji, ba ta gaya wa kowa ba.

Talata ta tsinci biyu a ƙasan gareji. Laraba babu sabon kashi ko ɗaya, wayoyi lafiya. Har da 'yar waƙarta a kicin! Ta sauke labulen leshin ɗakin baƙinta, ta auna da ragowar leshin kujerun, ta yanka, ta zauna a keken ɗinki wuni guda. Da ta shimfiɗa a kujerun, in ba ka ƙura ido ba sai ka rantse na asalin ne.

Alhamis rana ta fito, ƙanƙara ta fara narkewa tana ɗiga daga rufin kwano. Toyoshima ya zo ya tayar da motar don batir ya cika, ya murɗa hita. Minti biyu bai yi ba ya fito yana kaki.

"Setsuko."

Ta sunkuyar da kai.

"Kin sa, ko?"

"Na sa."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya zura hannu ta ƙarƙashi har kafaɗa, ya zura waya mai ƙugiya, ya fito da tsumman leshi da ɓawon lemo, amma mushen bai samu ba. Ya ce sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, aikin kwana huɗu ne in jikinsa ya yarda.

"In hita na kashe, da sauƙi," ya ce. "Amma mai ciwon huhu a mota ba hita, a wannan sanyin? Ki je da taki kawai. Ki ce masa wannan ta ƙi tashi."

Ta yi ta juya maganar har Asabar. Da safe ta tsaya tsakanin motocin biyu da makullai a hannu, ta daɗe. Sannan ta kwaso barguna uku da robar ruwan zafi biyu, ta zuba a bayan tasin.

A ƙofar asibiti ma'aikaciyar jinya ta turo shi a keken marasa lafiya, da tukunyar iskarsa a gefe. Ya sa an sa masa kwat ɗinsa baƙa, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga. Da ya hango motar sai ya ɗaga hannu a tsayar da keken. Ya kalle ta tun daga gaba har baya. Aka ɗaga shi aka zaunar, aka lulluɓe shi. Ma'aikaciyar ta ce wata abokiyar aikinta za ta same su a gida da ƙarfe biyu, 'yarsa Harumi kuma jirginta daga Osaka sai yamma.

Ba su bar harabar asibitin ba ya shafa leshin da yatsa.

"Wannan labulenki ne."

"Wancan ya tsufa, Baba."

"Hm." "Ke ba kya jin sanyi ne? Kunna hita mana."

"Akwai ruwan zafi a bargon."

"Na ce ki kunna."

Ta kunna. Me za ta yi? Iskar ɗumi ta fito da abin da ke cikinta, ya cika motar. Setsuko ta riƙe sitiyari da hannu biyu, idonta a kan titi, kunya kamar ta nutse. Ta ji yana shaƙa a hankali, irin shaƙar wanda ya san mota ciki da waje.

"Guba kika sa."

"E."

"Toyoshima bai hana ki ba?"

"Ya hana."

"Mocin fa?"

"Ban ɗauke ba, Baba. Na manta. Wata biyu yana ciki. Ƙarya na yi ta yi maka, ka yafe mini."

Wani sauti ya fito daga baya, ta ɗauka shaƙewa ya yi, har ta kai ƙafa burki. Ashe dariya ce, ta haɗu da tari ta zama abin tausayi.

"Fasinja nawa kika kashe mini?"

"Goma sha ɗaya. Ban da na cikin bututun."

"Kai! Ko ni ban taɓa ɗaukar sha biyu a lokaci ɗaya ba." Ya numfasa. Ta kai hannu za ta kashe hitar, ya ce, "Bar shi. Wata uku ina shaƙar warin magani. Wannan aƙalla warin gida ne."

Ta goge ido da bayan hannu ta ci gaba da tuƙi. Shi kuwa bai bar ta ta huta ba. Ta cika matse wa na gaba. Burkinta kamar mai tsoron ƙasa. Wa ya koya mata shan kwana haka, da fasinja a baya? Da suka fita gari suka shiga tsakanin gonakin shinkafa, fari fat har gindin duwatsu, sai faɗan ya ragu. Ya juya kai wajen taga yana kiran gidaje. Nan ya ɗauki matar Funaki tana naƙuda, ba su kai asibiti ba. Can ya ɗauki wani malamin makaranta a buge ya yi masa amai a kujera.

"Ashe daga nan baya an fi ganin duwatsun," ya ce. "Ni ban taɓa ganin komai ba sai titi."

"Ka ji daɗin zaman?"

"Kujerar ta yi laushi da yawa. Shi ya sa suke barci." Can kuma ya ce, "In kin zo gada ki rage gudu, akwai ƙanƙara a bakinta."

Ta rage. Suka haye gadar lafiya, ta jira ya ce wani abu a kan yadda ta haye, bai ce ba. Ta ɗaga ido ta dubi madubi. Kansa ya jingina da gilashi, bakinsa a ɗan buɗe, bargo ya zame daga kafaɗarsa.

"Baba?"

Tukunyar iska na ta hucinta.

"Baba Kagaya."

Ta taɓa ganin irin wannan zaman a wurin mijinta ranar da ya cika, ba ta buƙatar ta tsaya ta duba. Asibiti na baya da tafiyar rabin awa, gida kuwa saura kilomita biyu. Ba ta juya ba, ba ta kuma ƙara gudu ba. Ta wuce shagon kayan gona, ta wuce makarantar da aka rufe. A mararrabar unguwarsu babu mota ko ɗaya, duk da haka ta kunna sigina, ta tsaya cak, ta duba dama da hagu, sannan ta sha kwanar a hankali yadda kansa ba zai bugu da gilashi ba.

Ta tsaya daidai ƙofar gidansa ta ja burkin hannu. A gefen kujerar direba akwai ƙarfen da masu tasi ke ja ƙofar fasinja ta buɗe da kanta. Setsuko ta laluba ta same shi, ta ja.

"Mun iso, Baba," ta ce.

Ƙofar baya ta buɗe, iska mai sanyi ta shigo. Ta zauna hannunta a kan sitiyari, inji na aiki, ruwan ƙanƙara na ɗiga daga rufin gidan a kan dakalin shiga.